Husufin Wata a Bayan Gajimare: Shin Masu Jira Sun Yi Asara?

Gabatarwa

Ranar Juma'a, 27 ga watan Yuli na shekarar 2018, wadda ta zo daidai da tsakiyar watan Zulƙida na 1439, an yi husufin wata wanda masana ilmin falaki suka ce ba za a sake yin mai tsawonsa ba a cikin wannan ƙarni. Bisa agogon Nijeriya da Nijar, inuwar duniya ta fara cin gefen wata da ƙarfe 7:24 na yamma, ta rufe shi ruf da 8:30, ba ta fara sakinsa ba sai 10:13, sa'an nan ya kuɓuta sarai da 11:19 na dare. Watau awa ɗaya da minti 43 wata ya yi yana lulluɓe cikin inuwa. Tun shekaru da dama kafin ranar aka riga aka lissafa waɗannan lokatai, kuma lissafin bai kuskure ba. Abu guda ne masu lissafi ba su iya ba da tabbacinsa ba, shi ne ko sama za ta buɗe a gani.

A Ingila, inda masu sha'awar kallon taurari suke da ƙungiya tasu tun 1890, mutane sun shafe makwanni cikin zafi da sama garau. Ranar husufin kuwa sai hadari ya taso. Jama'a suka hau tuddai a Landan da sauran garuruwa, da madubin hangen nesa da na'urorin ɗaukar hoto, suka zauna suna kallon gabas, amma mafi yawansu gajimare kawai suka gani har aka gama. A ƙasarmu ma ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne, ana gab da shiga marka, saboda haka wanda Allah ya ba sarari ya gani, wanda hadari ya rufe ya haƙura.

Da yawa daga cikinmu in suka ji wannan labari dariya za su yi, su ce aikin banza, an kwana a waje an tashi a tutar babu. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, mutanen nan ba su yi asara ba, kuma mu ɗaliban Hausa mun fi kowa bukatar koyon wannan ɗabi'a tasu.

Yadda abin yake faruwa

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mu san abin da ake jira a gani. Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne yake dukansa mu kuma mu gani. Duniya kuwa, kamar kowane abu da haske ya doka, tana da inuwa wadda take miƙewa a bayanta. Idan rana da duniya da wata suka jeru a layi ɗaya, duniya tana tsakiya, sai wata ya faɗa cikin wannan inuwa. Shi ne husufin wata, wanda wasu suke kira zazzaɓin wata. Wannan ne ya sa ba a taɓa yinsa sai a tsakiyar wata, lokacin da ya cika, domin a lokacin ne kaɗai yake fuskantar rana daga bayan duniya.

Mai tambaya zai ce, to me ya hana a yi husufi kowane daren sha huɗu? Dalili shi ne hanyar da wata yake bi a kewayensa ta ɗan karkace daga hanyar da duniya take bi a kewayen rana, da misalin daraja 5. Saboda haka galibi sai ya wuce ta saman inuwar ko ta ƙarƙashinta. A wurare biyu ne kawai hanyoyin suke gittawa, waɗanda malaman falaki na Larabawa suka sa wa suna Ra'asu da Zanabu, watau kai da wutsiya. Sai cikar wata ta riske shi kusa da ɗayan waɗannan mahaɗai sa'an nan a yi husufi, kuma damar haka takan zagayo ne kusan bayan kowane wata shida. Mutanen Babila tun kafin haihuwar Annabi Isa suka gane cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11, kuma ba su gane haka ba sai don sun yi ɗaruruwan shekaru suna dubawa suna rubutawa.

Abin da ya sa na 2018 ya yi tsawo shi ne, wata ya ratsa ta tsakiyar inuwar, kuma a ranar yana can ƙarshen nisansa daga duniya, fiye da kilomita 400,000, inda tafiyarsa take raguwa. Jan da yake yi kuwa ba jini ba ne. Hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ta lulluɓe duniya, iskar ta watsar da shuɗin ta bar jan, ta lanƙwasa shi zuwa cikin inuwar. Dalilin da yake sa rana ta yi ja in za ta faɗi, shi ne yake sa wata ya yi ja in ya yi husufi.

Abin da gajimare ba ya iya hanawa

To, wanda ya san wannan duka ya fita, hadari ya rufe shi, me ya samu?

Na farko, husufin wata ba abu ne na ƙiftawa da bismilla ba. Daga fara cinsa zuwa sakinsa, na 2018 ya ɗauki kusan awa huɗu. Duk wanda ya san daminarmu ya san gajimare tafiya yake yi, yakan tsage ya sake haɗewa. Mai haƙurin zama yakan sami minti biyu ko uku da wata zai leƙo, kuma waɗannan mintoci sun isa a ga launinsa da iyakar inda inuwa ta kai. Wanda ya leƙa sau ɗaya ya koma ɗaki shi ne ya yi asara. Ba kamar kusufin rana ba, wanda kallonsa kai tsaye yake lahanta ido, husufin wata ana kallonsa da ido tsirara ba tare da wata illa ba, don haka jiran ba ya bukatar komai sai tabarma da agogo.

Na biyu, ko da wata bai leƙo ba sam, husufin yana bayyana a jikin gajimaren kansa. A daren farin wata, in gajimare bai yi kauri ainun ba, yakan yi fari-fari, har mutum ya ga hanya. In inuwa ta rufe wata sai wannan farin ya mutu, dare ya yi baƙi kamar na ƙarshen wata, bayan wani lokaci kuma ya dawo. Mai lura, musamman a ƙauye inda babu hasken lantarki, yana iya rubuta lokacin da duhun ya fara da lokacin da ya yaye, ya gwada da abin da lissafi ya ce.

Na uku, wanda kuma ya fi muhimmanci a wurina, mutumin da ya zauna a ƙarƙashin hadari yana duban agogo yana cewa "yanzu an rufe shi", ya kai wani matsayi na ilmi. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma akwai sani na uku wanda ya zarce jita-jita, shi ne sanin dalili. Wanda ya san dalilin abu ba ya razana in ya gan shi, ba ya kuma musunsa in an ɓoye masa shi. Al'ummar da take da irin waɗannan mutane da yawa, da wuya a yi wasa da hankalinta.

Darasi daga tarihi

Kada a ɗauka wannan magana ce ta fatar baka. A shekarar 1504, Kolombus da mutanensa sun maƙale a tsibirin Jamaika, jiragensu sun lalace, mutanen tsibirin kuma sun gaji da ciyar da su. Yana da littafin lissafin taurari, ya duba ya ga za a yi husufi ranar 29 ga Fabrairu. Sai ya tara shugabanninsu ya ce musu Ubangijinsa ya yi fushi da su, zai nuna alamar haka a jikin wata. Da wata ya fito ja, suka firgita, suka ci gaba da kawo abinci. Mutanen nan ba wawaye ba ne, sun san teku da noma da itatuwan ƙasarsu fiye da shi. Lissafi ɗaya ne ba su da shi, da shi kuma aka cuce su.

A nan kusa da mu, Turawan nan 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suna garin Busa na ƙasar Bargu ranar 2 ga Satumba, 1830, aka yi husufin wata. Sun rubuta a littafin tafiyarsu yadda gari ya ruɗe da kiɗa da busa da kururuwa, mutane suna cewa rana ce take jan wata. Wannan bai bambanta da abin da muka taso muka tarar a ƙasar Hausa ba, inda ake cewa wata ya saki hanyarsa ya bi ta rana, ita kuma ta kama shi, yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa suna roƙo a sake shi. Wannan al'ada abin nazari ce, kuma in aka duba da kyau akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, tunda husufi lalle yakan faru ne in wata ya zo mahaɗar hanyarsa da ta rana.

Amma rashin sani ba kullum yake tsayawa a kiɗan gwangwani ba. A daren 9 ga Janairu, 2001, an yi husufin wata, sai wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin da ake aikatawa a gari ne ya jawo shi, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna musu wuta. Abin da aka san ranarsa da sa'arsa tun kafin a haifi kakanninsu, shi ne ya zama sanadin ɓarnar dukiya. Da a ce a kowace unguwa akwai mutum biyu ko uku da suka saba gaya wa jama'a tun da sauran mako guda cewa ranar kaza da ƙarfe kaza wata zai yi husufi, da abin bai zo wa kowa da ba-zata ba. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Suka uku da amsarsu

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Masu suka na farko suna cewa lokacin husufi lokaci ne na salla da istigfari, mai da shi abin kallo rashin ladabi ne. Lalle salla tana kan gaba. Amma mu tuna, ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, a shekara ta goma bayan Hijira, an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Manzon Allah da kansa ya gyara musu, ya nuna musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba su yin haka don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da salla da addu'a. Ke nan raba husufi da camfi koyarwa ce ta addini tun asali. Bugu da ƙari, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sallar husufin wata nafila ce da kowa yake yin tasa, ba a tara mata jam'i. Wanda ya san lokaci kuwa shi ne zai tashi ya yi ta, wanda bai sani ba yana can yana barci. Awa huɗu ta ishi mutum ya yi salla ya kuma ɗaga kai ya dubi ayar da yake sallar dominta.

Masu suka na biyu suna cewa zamani ya wuce wannan wahala, tunda ga waya a hannu, ana nuno husufin kai tsaye daga ƙasashen da samansu yake garau. Ba na raina wannan, a daren hadari ma taimako ne babba. Sai dai hoton da aka ɗauko daga wata nahiya ba ya gaya mana yadda abin ya kasance a Gusau ko Damagaram. Kuma wanda waya kaɗai ya dogara da ita ya koma matsayin mai ji, abin da aka nuna masa shi zai karɓa, ko na gaskiya ko na ƙarya. Kowannenmu shaida ne a kan yadda tsofaffin hotuna suke yawo a wayoyi ana cewa na jiya ne.

Masu suka na uku suna cewa wannan shagali ne na waɗanda cikinsu ya cika, mu da muke fama da kuɗin makaranta da na abinci ina ruwanmu da wata. Amsa ita ce kallon sama a ƙasar Hausa bai taɓa zama shagalin masu kuɗi ba. Manomi ne yake lissafin taurari don ya san lokacin shuka, fatake ne suke tashi da gamzaki, mata ne suke nuna wa yara kaza da 'ya'yanta da zara matar wata. Har ila yau, abin da masu sa-kai suke rubutawa yana da amfani ga ilmi. Wani masani Bafaranshe mai suna André Danjon ya tsara ma'auni mai hawa biyar, daga 0 zuwa 4, na auna duhun wata a lokacin husufi da ido kawai. Bayan dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a watan Yuni na 1991, ƙurarsa ta cika sama, sai husufin 9 ga Disamba, 1992 ya zo da duhu ƙwarai har wata ya kusa ɓacewa. Daga irin waɗannan rahotanni masana suke kimanta yawan ƙurar da take can ƙololuwar sama. Kuma tun da babu wanda ya san inda gajimare zai tsage, yawan masu dubawa a wurare daban-daban shi ne maganin hadari. In Kano ta rufe, wataƙila Katsina ta buɗe.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

Wani zai ce duk wannan aikin Sashen Kimiyya ne, ko na hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da aka kafa a 1999. Su nasu lissafi ne. Amma lissafin da ya tsaya a Turanci bai isa kasuwa da zaure ba, kuma isar da shi can aikinmu ne.

Ba daga kango za mu fara ba. Malamanmu na zaure sun gaji lissafin taurari 28, kowane yana da kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, jimla kwana 365, an raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. An yi waƙoƙin Hausa na ajami don a hardace su, har Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a 1967. Tun kafin wannan, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce a kan lissafi da taurari waɗanda har yau ake ambatonsa da su. Abin tambaya shi ne, mu nawa ne a ajinmu za mu iya jera taurari bakwai na damina, balle mu nuna ɗaya a sama? Tsofaffin da suka san su suna ƙarewa, wutar lantarki da allon waya kuma sun raba yara da dandali da farin wata.

Saboda haka ina ba da shawarwari guda huɗu. Na ɗaya, ƙungiyar ɗaliban Hausa ta haɗa kai da 'yan'uwanmu na Sashen Kimiyya da na Labarin Ƙasa a kafa ƙaramin rukuni na masu duban sama, wanda zai riƙa fita ko da hadari ko babu. Na biyu, duk wanda zai tafi hutu ya tafi da littafi, ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto sunayen taurari, da abin da ake yi da abin da ake faɗi in wata ya yi husufi, domin abin da ake yi a Sakkwato ba lalle ya zama shi ake yi a Haɗeja ba. Na uku, mu zauna da malamanmu mu daidaita kalmomi. Alal misali, hawa biyar na Danjon ba su fi ƙarfin Hausa ba: baƙi ƙirin, da ruwan toka, da ja mai duhu irin na tsatsa, da ja irin na jan bulo, da ruwan tagulla mai haske. Haka kuma muna da hadari da gajimare da girgije da hazo da buji, kowace da inda ta dace, kuma rahoton da aka rubuta da su zai fi na aro fayyace yanayin samanmu. Na huɗu, kafin kowane husufi mu shirya taƙaitaccen bayani da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, mu kai gidajen rediyo da masallatai da makarantun allo.

Wannan horo zai yi amfani har a wani fage. Kowace shekara mukan jira labarin ganin watan azumi da na salla, shari'a kuma ta riga ta tanadi abin da za a yi in gajimare ya hana gani, watau a cika talatin. Mutanen da suka saba da duban sama, suka san inda wata yake tsayawa da yadda yake kasancewa, su ne shaidarsu za ta fi inganci a ranar.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafi ya nuna za a yi cikakken husufin wata ranar 26 ga Yuni, 2029 da asuba, wanda zai zo cikin damina, da wani kuma ranar 20 ga Disamba na wannan shekarar wajen tsakar dare, wanda zai zo cikin hunturu, lokacin da hazo ne abin fargaba. Shi kuwa na 2018, zagayensa na shekara 18 da kwana 11 zai kawo ɗan'uwansa ranar 7 ga Agusta, 2036, a tsakiyar marka. Biyu daga cikin ukun nan akwai yiwuwar hadari ya rufe su, kuma ba mu da iko a kan wannan. Abin da muke da iko a kansa shi ne, in ranar ta zo, a sami mutane a kowane gari da suka san abin da yake faruwa a bayan gajimaren, suka sanar da jama'a tun da wuri cikin harshensu, suka kuma rubuta abin da suka gani da wanda ba su gani ba don na baya. Ina roƙon malamanmu su ba mu jagora, 'yan'uwana ɗalibai kuma mu fara tun daga wannan hutu. Allah ya sa mu ga lokacin da rai da lafiya, amin.